Idan Ido Ya Fara Ja Baya: Jagorar Duba Amya Ga Mai Kiwon Zuma

Ina da shekara 47 lokacin da na yi sanadin mutuwar wata lafiyayyar sarauniya. Akwatunana suna cikin wata garka a gefen Jiratawa kusa da Maradi, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Na buɗe ɗaya bayan la'asar, na ɗaga saƙa shida ɗaya bayan ɗaya, ban ga ƙwai ko guda ba. Sai na yanke cewa sarauniyar ta mutu, na kwashe ƙudan zumar na haɗe su da na akwatin da ke kusa. Kwana biyu tsakani na tsinci gawar sarauniya a bakin ƙofa, doguwa, cikinta a cike. Ashe uwa biyu na haɗa a ɗaki ɗaya.

Bayan wata guda na buɗe wani akwatin, ɗan ƙanwata yana riƙe mini da gwangwanin hayaƙi. Na ce da shi wannan ma babu ƙwai. Ya leƙo ta saman kafaɗata ya ce, "Kawu, ga su nan fa a jere, kowane rami da nasa." Na bi yatsarsa da kallo, ban ga komai ba sai duhun rami. A nan na gane zumar lafiyarta lau, idona ne ya ja baya.

Tun daga ranar nake tambayar abokan sana'a na Madarunfa da Gabi da wajen Tibiri, waɗanda furfura ta fara fito musu. Da yawa sun daɗe rabonsu da ganin ƙwai, sun yi shiru, wasu ma sun daina buɗe amya sai ranar ɗiba. Abin yana ci mini rai, domin su ne suka fi kowa sanin halin zuma, kuma gyaran yawanci ba shi da tsada. Ga hanyar da na bi, a jeren da nake ganin ya kamata a bi ta.

Ƙanƙantar abin da kake nema

Tsawon ƙwan zuma kamar milimita 1.5 ne, fari, siriri kamar guntun zaren ɗinki. Sarauniya tana dasa shi a can gindin rami mai zurfin kusan santimita 1, kuma ramin da zumarmu ta Afirka ta Yamma ke ginawa bai cika milimita 5 a faɗi ba, ya fi na zumar Turai matsewa. Ranar farko ƙwan yana tsaye, rana ta biyu ya karkata, ta uku ya kwanta, daga nan ya zama tsutsa. Wanda ya ga ƙwai ya san sarauniya ta ratsa nan cikin kwana uku da suka wuce, ba sai ya gan ta ido da ido ba. Dalilin da ya sa ganinsa ke da daraja ke nan.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Zumarmu tana da zafin rai, ba ta jure a bar ɗakinta a buɗe. Mai raunin ido yakan daɗe yana ƙura wa saƙa ido, yana matso da ita kusa da fuska, numfashinsa yana bugun zumar. Kafin ya ga abin da yake nema sun tashi, 'ya'yan da ke buɗe sun sha iska, idan aka maimaita haka sau da yawa ma su yi ƙaura su bar maka akwati wayam. Raunin ido a wurinmu yana jawo harbi da gudun zuma, ba kuskuren hukunci kaɗai ba.

Mataki na farko: ka san irin raunin da ke damunka

Kada ka fara da sayen tabarau. Ka fara da gwaji uku a tsakar gida, da rana.

Rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka dubi wani abu mai nisa, kamar rubutun bangon maƙwabci, sannan ka canja ido. Mutane da yawa ba su san ido ɗaya ne ke ɗauke da su ba sai sun yi wannan. Bayan haka ɗauki takardar da ke cikin kwalin magani, mai ƙananan rubutu, ka lura a ina take fitowa sarai. Idan nesa garau kake gani, amma sai ka miƙe hannu kafin ka karanta, ko zura zare a allura ya fara gagararka, wannan shi ne raunin ganin kusa da ke zuwa wa kusan kowa daga shekara 40 zuwa 45. Ƙwayar da ke cikin ido ce take tauri da shekaru, ta daina lanƙwasawa don abin da ke kusa. Ba cuta ba ce, tabarau na gyara ta nan take. Gwaji na uku, huda takarda mai kauri da allura, ka leƙa ta hudar da ido ɗaya. Idan abin da ke dishi-dishi ya washe, alama ce mai kyau cewa gilashi zai taimaka. Idan bai canja ba, akwai yiwuwar matsalar tana cikin idon kansa.

Akwai alamun da ba na mai tallar tabarau ba ne, na asibiti ne. Gani kamar ta cikin hazo ko da babu hazo, da hasken fitilar mota da ke watsewa ya rufe maka hanya da dare, yawanci yanar ido ce. Yin karo da abin da ke gefe, ko tuntuɓe da ƙafar akwati alhali gabanka kana gani, na iya zama hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Gashin ido da ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido aikin amodari ne, cutar da ta daɗe a jiharmu, kuma ƙaramin aiki ake yi a gyara fatar idon. Mai ciwon suga kuwa ya kamata a riƙa duba masa cikin ido ko bai ji komai ba. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya nufi asibitin ido na Makka da ke nan Maradi ko sashen ido na babban asibitin jiha. Ko babu alama, wanda ya haura 40 ya nemi a auna masa ƙarfin ruwan ido.

Dole in taɓo wata al'ada tamu. Masu zuma da yawa suna ɗiga zuma a ido idan gani ya ragu. Ba na jayayya da cewa Allah ya sa waraka a cikin zuma. Amma ba ta narkar da yana, ba ta tausasa ƙwayar da shekaru suka taurara, kuma watannin da mutum zai yi yana jiran ta yi aiki su ne watannin da hawan jinin ido ke gama ɓarnarsa. Haka nan kada ka yarda a ture maka yana da tsinke a gargajiyance, kada ka sayi maganin ɗigawa a tire don kawai ido ya yi ja.

Mataki na biyu: haske, tun kafin gilashi

Da yawa daga cikin waɗanda ke cewa ba sa ganin ƙwai, haske ne bai kai gindin ramin ba. Mukan ajiye amya a inuwa mai duhu saboda zafin bazara, kuma daidai ne. Mukan buɗe ta dab da magariba saboda tsoron harbi. Inuwar mangwaro da faɗuwar rana idan suka haɗu, ko yaro sai ya ƙura ido.

Ka raba aikin biyu. Ɗibar zuma tana iya jiran almuru. Duba 'ya'ya kuwa yana son rana: ko da hantsi kafin zafi ya tashi, lokacin da manyan ma'aikata suka fita kiwo, ko bayan la'asar tun rana tana da sauran ƙarfi. A lokacin ɗari ka jira sanyin safe ya sake, ka guji ranar da buji ke kaɗawa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada ka buɗe da tsakar rana, domin kaki ya yi laushi, saƙa tana iya tsinkewa daga sandarta.

Ga yadda za ka tsaya. Ɗaga saƙar, ka taka taki biyu ko uku zuwa inda rana ke ratsowa, ka juya mata baya, hasken ya biyo ta saman kafaɗarka ya faɗa cikin ramuka. Ka tabbata inuwar hularka ba ta sauka a kan wurin da kake kallo ba. Ramukan saƙa ba a miƙe suke ba, bakinsu ya ɗan kalli sama, saboda haka ka riƙe ta ƙasa da idonka kaɗan, kana kallo daga sama. Mai akwatin Kenya ya tuna saƙarsa a sanda ɗaya take rataye, babu firam da ya kewaye ta. Kada ka kwantar da ita don neman haske. Ka bar ta a tsaye, kai ka juya jikinka har hasken ya daidaita. Mai akwatin Langstroth, wanda saƙarsa ke cikin firam, yana da damar ɗan karkata firam ɗin. Kafin ka matsa daga kan akwatin, ka dubi saƙar ko sarauniya na kai, kada ta faɗi cikin ciyawa. Kuma kada saƙa mai ƙwai ta wuce minti ɗaya a rana ko iska, ƙwai da ƙananan tsutsotsi suna saurin bushewa.

Farin ƙwai ya fi fitowa a tsohuwar saƙa mai duhu. A sabuwa fara, fari a kan fari ne, har mai ƙuruciya yana wahala. Idan sabuwa ce kawai ke hannunka, sa mataimaki ya riƙe baƙin ƙyalle a bayanta don kada haske ya ratso ta baya, kai kuma ka haska gabanta da ƙaramar tocila mai farin haske, a ɗan karkace. Tocilar nan tana cikin aljihuna ko da rana tsaka.

Kada ka watsa ido ko'ina. Nemo inda aka rufe 'ya'ya da murfi ruwan ƙasa, ka bi gefensa zuwa manyan tsutsotsi farare da suka naɗe, ka ci gaba zuwa ƙanana. Inda ramuka suka fara kama da babu komai, nan ƙwai suke. Sarauniya a kewaye take zuba ƙwai, saƙar da kanta za ta kai ka wurin.

Mataki na uku: ragar fuska

Na ga hulunan da teloli suka ɗinka da farar raga. Farar raga tana mayar da hasken rana cikin ido, ta zama kamar labule. Baƙa ce ido ke ratsawa. Ka sa tela ya cire ɓangaren gaba ya maye shi da baƙar raga mai ɗan tauri, wadda ba ta naɗewa, domin duk inda raga ta yi ninki biyu gani ya ragu. Ka wanke ta a kai a kai, ƙurar hunturu da hayaƙi suna toshe ƙofofinta sannu a hankali ba ka lura ba. Malafa mai faɗin baki tana nisanta ragar daga fuska, ta ba tabarau wuri, ta hana zuma samun hanci da haɓa.

Kada ka yanki sangen sauro da ake rabawa ka yi hula da shi. Maganin ƙwari ne a jikin zarensa. Yana kashe zumar da ta sauka a kai, kuma da gumi yana sa fuska da ido ƙaiƙayi.

Kuma komai rashin gani, kada ka ɗage raga a gaban buɗaɗɗiyar amya. Na san jarabar, na ji ta. Sauran matakan nan duka don kada ka kai ga haka ne.

Mataki na huɗu: tabarau na aikin zuma

Tabaran karatu suna da lamba a jikin ƙafarsu ko a kan gilashin: +1.00, +1.50, +2.00, har zuwa +3.50 da sama. Yawanci mai shekara 40 da 'yan kai +1.00 kan ishe shi karatu, mai 50 yana wajen +2.00, mai 60 wajen +2.50. Amma ƙwan zuma ya fi harafi ƙanƙanta, kuma ta cikin raga kake kallonsa, don haka tabaran amya sukan fi na karatu ƙarfi da rabin lamba, wani lokaci da lamba guda.

Fara da auna tazarar aikinka. Sa hularka, ka riƙe sandar da babu zuma yadda ka saba riƙewa, wani ya auna daga idonka zuwa saƙar. Raba 100 da abin da aka samu a santimita. Idan 50 ne, +2.00 ke nan. Idan 40 ne, +2.50. Idan 33 ne, +3.00. Ga wanda ganinsa na nesa lafiya yake, wannan lambar ita ce iyakar abin da zai buƙata a wannan tazara, kuma wanda idonsa ke da sauran ƙarfi ƙasa da ita ma za ta ishe shi. Lissafin yana nuna maka wani abu kuma: duk yadda lamba ta ƙaru, dole saƙa ta ƙara matsowa. Da +4.00 sai ta zo santimita 25 daga idonka, ragar tana gogar zuma, numfashinka yana kansu. A ganina wanda ya wuce +3.50 ya shiga wahala, gara ya koma ga salula da zan yi bayani a gaba.

Ga dabarar da ta fi yi mini amfani. Samo guntun tsohuwar saƙa baƙa wadda babu komai ciki. Yanka farin zaren ɗinki gutsi-gutsi, kowane guntu bai kai tsawon ƙwayar riɗi ba, kamar rabinta. Sa wani mai ido ya jefa su cikin ramuka goma da tsinke, kada ya gaya maka waɗanne. Ɗauki saƙar da hularka ka je wurin mai tabarau, a kasuwa ne ko a farmasi. Sa tabarau, sa hula a kai, fita haske, ka ƙirga zaren. Fara da ƙaramar lamba kana hawa. Lambar farko da ta nuna maka goman duka ba tare da ka ƙanƙance ido ba, ita ce taka. Kada ka ɗauki wadda ta fi ta don kawai abu ya ƙara girma. Mutane za su tsaya kallonka da hular zuma a tsakiyar kasuwa, ka bar su su kalla, gwajin ya fi duk wata takardar rubutu da mai kaya zai miƙo maka.

Tabaran da ake sayarwa a shirye lambarsu ɗaya ce a ido biyu. Idan gwajin rufe ido ya nuna idanunka sun bambanta, ko ka sa su minti goma ka ji ciwon kai da jiri, to sai an auna ka an yanka maka naka. Ka gaya wa mai awon tazarar da ka auna, ka ce masa na aiki ne a wannan nisa, ba na karatu kaɗai ba.

Siffar tabarau tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Da zarar ka rufe hula, hannunka ba ya kaiwa gare su. Na fi son sirara waɗanda ke zama a ƙasan karan hanci: ka dubi saƙa ta cikinsu, ka dubi ƙasa da hanya ta samansu. Manyan da suka rufe ido duka suna dusashe nesa, kuma mai tafiya da saƙa a hannu cikin garka yana bukatar ganin rami da saiwa da maciji. Masu hawa biyu, sama na nesa ƙasa na kusa, suna yi, sai dai ka saba riƙe saƙar ƙasa-ƙasa. Ɗaure ƙafafun da roba ko igiya ta bayan ƙeya, a ɗan matse, domin gumin bazara yana zamar da su su faɗo cikin raga a daidai lokacin da hannuwanka biyu ke ɗauke da kaya. Ƙyalle a goshi yana tare gumi. Idan suna yin raɓa da sanyin safe, shafa musu ɗan sabulu, ka goge har su washe.

Gilasan nan yawancinsu roba ne. Ƙurar Maradi yashi ce, idan ka goge ta a bushe da bakin riga ka karce su, cikin wata biyu sun yi hazo. Zuba ruwa tukuna, sannan sabulu, sannan ƙyalle mai laushi. Kada ka taɓa su da safar da ta sha danƙon amya. Sayi biyu, ɗaya ya zauna cikin bokitin kayan aiki.

Madubin ƙara girma da salula

Madubin hannu mai ƙara girman abu yana nuna ƙwai sarai, amma yana cinye hannu ɗaya, kuma saƙar Kenya mai nauyi hannu biyu take so. Idan za ka yi amfani da shi, kafa sanduna biyu kusa da akwati inda za ka rataya saƙar. Ka kula ƙwarai: madubin yana tattara rana wuri guda. Yana iya ƙona tsutsa, ya narkar da kaki, kuma idan ka yar da shi a busasshiyar ciyawa da rani yana iya tayar da gobara. Gama aiki, mayar da shi aljihu. Irin wanda masu gyaran agogo da salula ke ɗaurawa a goshi ya fi, idan hularka tana da wurin da zai shiga.

Salula ce ta fi sauƙaƙa wa zuma, domin tana rage lokacin da ɗaki ke buɗe. Goge idon kyamarar. Mataimaki ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga saƙar, ya saita wayar daidai da bakin ramuka, ya taɓa wurin da ake so a fuskar wayar don ya fito, ya ɗauki hoto huɗu ko biyar, wasu da fitilar wayar a kunne. Kada ya jawo hoton kusa kafin ɗauka, bayan an ɗauka ake buɗa shi. Safar hannu ba ta aiki a kan gilashin waya, amma a yawancin wayoyi maɓallin ƙara sauti yana ɗaukar hoto. Ɗauki lambar akwatin kafin saƙarsa, kada su cakuɗe. Rufe amya, koma inuwa nesa da su, cire hula, ka duba a natse. A hoto ne za ka bambance ƙwai ɗaya a tsakiyar kowane rami, wanda aikin sarauniya ne, da ƙwai uku ko huɗu a rami guda, wasu manne a bango, wanda ke nuna ma'aikata ne suka fara zubawa bayan daɗewa babu uwa. Da muryarka ma kana iya ajiye bayanin kowane akwati, ba sai ka nemi biro da safa a hannu ba.

Idan har yanzu ƙwan bai fito maka ba

Ba ka rasa hanya ba. Saƙa tana da manyan alamu.

Tsutsa tana zama a buɗe daga kwana na 4 zuwa wajen na 8 ko 9, sannan a rufe ta, ma'aikaciya ta fito wajen kwana na 19 zuwa 21. Saboda haka manyan tsutsotsi farare, waɗanda kusan kowane ido ke gani, suna cewa an yi ƙwai a nan cikin kwana 9 da suka wuce. Gindin rami da ke ƙyalli kamar an ɗiga madara, ƙaramar tsutsa ce kwance cikin abincinta, wato kwana 4 ko 5. Murfi shimfiɗaɗɗe, a haɗe babu giɓi da yawa, 'ya'ya mata ne daga uwa mai ƙarfi. Murfi masu tudu a warwatse cikin ƙananan ramuka maza ne a inda bai kamata ba, akwai matsala. Ɗakin sarauniya kuwa ba ya ɓuya, yana rataye kamar gujiya da ɓawonta.

Tsaya a gefen ƙofa minti biyar kafin ka buɗe. Lokacin da gawo ya yi fure bayan kaka, ko mangwaro cikin ɗari, gidan da ke renon 'ya'ya za ka ga ma'aikata suna shiga da garin fure dunƙule a ƙafa. Kunne ma yana aiki: gida mai uwa ƙararsa a kwance take, marar uwa yakan yi wani kuka mai tsawo idan an buɗe. Waɗannan alamu ne, ba hukunci ba.

Hukuncin ga shi, kuma da na san shi da ban yi asarar da na faɗa a farko ba. Idan kana zargin gida ba shi da uwa, kada ka haɗe shi. Ɗauko saƙa mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi daga wani gida mai ƙarfi, hoto ko idon yaro ya tabbatar maka, ka kakkaɓe zumar da ke kai, ka sa ta a tsakiyar gidan da kake zargi. Dawo bayan kwana 3 ko 4. Idan sun fara gina ɗakunan sarauniya a kanta, babu uwa, kuma ka riga ka ba su abin da za su yi wata. Idan ba su gina ba, mai yiwuwa tana nan, ka ƙara musu mako guda.

Neman sarauniya da kanta ba dole ba ne, tamu ma gudu take yi ta ɓuya. Wanda ke so a sa mata ɗigon fenti a gadon baya, akwai tsarin launi na duniya: fari ga shekarar da ta ƙare da 1 ko 6, rawaya 2 ko 7, ja 3 ko 8, kore 4 ko 9, shuɗi 5 ko 0. Ni fari ko rawaya nake sawa kowace shekara, don su idona ke kamawa, in rubuta shekarar da manyan lambobi a jikin akwati. Kama ta kuwa ɗan ƙanwata ke yi, bayan ya koya a kan maza, waɗanda ba su da ƙari.

Dare, hawa itace, da harbi

Ga mai ɗiba da dare: zuma ba ta ganin jan haske sosai, don haka tocilar da aka rufe da jar leda ba ta jawo su kamar mai farin haske. Tana isa a ga saƙar da ta nuna, amma ba ta nuna ƙwai. Kada ka yanke wa gida hukunci da ita.

Iyayenmu masu amyar gargajiya da ake ratayawa a kan itace, ku nake roƙo musamman. Wanda dundumi ya fara kamawa, ko yana ta fara rufe masa ido, hawa gawo ko tsamiya cikin duhu da wuta a hannu ya wuce ƙarfinsa, ko da ƙafa ta san kowane reshe. A sauko da amyar kan maɗori mai tsayin ƙugu, a sa ƙafafunsa cikin gwangwanayen mai don tururuwa, ko a bar hawan ga yara, Baba ya tsaya ƙasa yana faɗa musu abin yi.

Idan zuma ta shiga cikin hula, kada ka cire. Yi nisa da amya, ka matse ta da yatsa ta bayan raga. Harbi a fatar ido: kankare ƙarin da farce nan take, sa ƙyalle mai sanyi, kumburin zai yi kwana biyu ko uku. Harbi a kan ƙwayar ido kanta: kada ka murza, kada kowa ya sa hannu ya ciro, rufe idon a hankali a kai ka asibiti a ranar. Idan numfashi ya fara toshewa ko jiki ya ɗauki ƙaiƙayi da jiri, wannan na gaggawa ne ko a ina harbin yake.

Lambar tabarau tana hawa da shekaru har wajen 60, don haka duk shekara biyu ka sake gwaji. Na fara da +1.75, yanzu +2.75 nake sawa a garka. Guntun saƙar nan mai zare yana cikin gwangwani a ɗakina, kuma kafin furen gawo na bana zan ba yaron ya sake jefa zaren a wasu ramukan.